Saukowar Awakin Nolberto Maripil

Akwai wani aibi da ya yi yawa a cikin mutane har ya daina kama da aibi: idan wuri ya yi musu kyau a ido, sai su ɗauka babu sauran tambayar da za a yi a kansa. Mutum zai tsaya a bakin tafki, ya ga ruwa kwance tsakanin duwatsu, ya cire hula ya yaba wa Mahalicci, alhali rabin abin da yake kallo aikin siminti ne, kuma ba a daɗe da yin sa ba. Ba mugunta ce ke kawo wannan ba, lalacin tunani ne. Ido ya ƙoshi, sai hankali ya ga ba shi da sauran aiki.

Ba na musun kyan tafkin Wenuko. Na zauna a wannan yanki na kudancin Chile ina koyar da yara tun kafin a yi maganar tafkin, kuma har yau idan na bi ta saman tudu da safe nakan tsaya. Ruwan kore ne mai duhu a inuwar duwatsu, shuɗi a tsakiya. Itatuwan pewen suna tsaye a kan tsaunuka, kowane kamar laima a buɗe, dusar ƙanƙara tana bayansu, kuma duk wannan yana sake bayyana a fuskar ruwan a kife. Amma kyau ba hujja ba ne. Abu yana iya yin kyau alhali an biya shi da tsada, kuma sau da yawa mai kallo daban ne, wanda ya biya daban. Saboda haka zan ba da labarin Nolberto Maripil, makiyayin awaki, ba don ya fi kowa shan wahala ba, sai don na san labarinsa daga farko har ƙarshe.

Nolberto ɗan ƙabilar Pewenche ne, kamar kusan kowa a kwarin. Gida biyu gare shi, yadda ubansa da kakansa suka yi. Idan zafi ya shigo, wajen watan Disamba, iyali sukan hau dutse da dabbobinsu, su zauna a bukkar katako a gindin itatuwan pewen, awaki na kiwo, mutane na tsintar ƙwayar itacen, wadda ake dafawa, ake gasawa, ake niƙawa a yi gari. Idan sanyi ya gabato sai a sauko ƙasan kwari, bakin kogi, inda dusar ƙanƙara ba ta daɗewa a ƙasa, inda gorar daji take kore shar duk tsawon hunturu. Mutanen Wenuko ba su taɓa yankan ciyawa su adana ba. Ba su da dalilin yi, domin kwarin shi ne rumbunsu.

Saukowar tana da ƙa'ida, kuma ba mai gida ke sa rana ba. A kowane garke akwai tsohuwar akuya mai ƙararrawa a wuya. Ran da ta shinshini iska ta juya fuskarta ƙasa, to, ranar ce. Sai a buɗe shinge a bar garken ya tafi shi kaɗai, iyali su tsaya ɗaurin kaya, su biyo baya washegari da amalanke. Ba a kora, ba a rakiya. Wanda aka gani yana kora awakinsa a hanyar saukowa ya zama abin dariya har shekara ta zagayo, don za a ce dabbobinsa ba su san gidansa ba, ko kuwa sun sani amma ba sa marmarin komawa. Jagorar garken Nolberto baƙar akuya ce mai karyayyen ƙaho. Matarsa Herminda ta sa mata suna Doña Clota, saboda wata mai shago a gari da take tafiya irin tata.

A ƙuruciyar Nolberto, abin da ya addabi kwarin masu zarto ne. Itacen pewen yakan yi ɗaruruwan shekaru kafin ya cika girma, su kuwa sukan kayar da shi kafin tukunya ta tafasa. Dattawa suka yi ta kai kuka, wasu mutanen birni masu son daji suka taya su, har hukuma ta hana saran itacen. Nolberto yana cikin waɗanda suka yanka akuya don murna. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ɗauka shi maƙiyin kare daji ne.

Yana da furfura a gemu lokacin da aka zo da maganar madatsar ruwa. Ba zan ba da tarihin gardamar ba, domin ta ɗauki shekaru, ta raba 'yan'uwa, kuma ƙarshenta kowa yana iya ganinsa da ido. Kamfanin da ya gina madatsar ya ba kowane iyali fili a can sama, a kan tudu, wanda ya fi nasu na ƙasa faɗi nesa ba kusa ba, da gida mai rufin kwano da wutar lantarki, da alkawarin kawo dammunan busasshiyar ciyawa kowane hunturu na 'yan shekaru, har mutane su saba.

Ranar da aka kai Nolberto da Herminda ganin sabon gidan, Atilio ƙanen Herminda ya biyo su. Mutum ne wanda bakinsa ba ya hutawa.

"Peñi," ya ce wa Nolberto, yadda maza ke kiran juna ɗan'uwa, "ka zama babban mutum. Dubi fili! Akuya za ta yi tafiyar yini guda ba ta fita daga gonarka ba."

"Za ta yi tafiyar yini guda ba ta ga abin sa wa a baki ba," in ji Herminda.

"Ke dai ñaña," in ji Atilio, yadda ake kiran mace 'yar'uwa, "ko aljanna aka kai ki sai kin ɗaga kai kin duba ko rufin yana yoyo."

"Nan wurin zaman lokacin zafi ne, Atilio. Ubanmu bai taɓa kwana a nan ba bayan Afrilu."

"Ubanmu bai taɓa kunna fitila da yatsa ɗaya ba." Ya danna makunnin wuta, ya kashe, ya sake dannawa. "Ga shi. Rana a cikin kwalba."

Nolberto yana bakin ƙofa yana kallon gangare. Ya ce, "To, ina awaki za su riƙa sauka?"

"Ba za su sauka ba, peñi, sun yi ritaya. Abinci zai riƙa zuwa musu a mota kamar alƙalai."

Nolberto bai yi dariya ba, bai kuma yi musu ba. Ya yarda, kamar yadda yawancin mutane suka yarda, domin ya ga ruwan zai zo ko ya yarda ko bai yarda ba.

Ruwan ya hau a hankali. Mutane suka riƙa zuwa bakin tudu suna nuna wa juna: yau ya ci gonar wane, yau ya kai tagar wane. Nolberto bai je ba ko sau ɗaya. Sabon gidansa yana bayan wani ƙoƙon dutse da ya kare tafkin, hanyar mota zuwa gari kuma ta bi ta ɗaya gefen, saboda haka mutum yana iya zama a can shekara da shekaru bai ga ruwan ba, in ya ga dama. Shi kuwa ya ga dama.

Cikin sharuɗɗan gina madatsar akwai cewa duk gangaren da ke tsakanin tudu da ruwa zai zama gandun daji. Aka ja waya, aka hana kiwo da sara da kunna wuta. Adalci ya wajabta in faɗi cewa wannan ya yi amfani. Inda masu zarto suka bar kututture, ƙananan itatuwa suka fito. Zaizayar ƙasa ta tsaya. Tsuntsayen da tsofaffi kawai ke tuna sunayensu suka dawo. Atilio ya samu aikin gadin gandun, aka ba shi koriyar riga da doki.

A kan tudu kuwa, duk watan Afrilu Doña Clota takan je kusurwar shinge ta tsaya, fuskarta a ƙasa, garken ya taru a bayanta. Takan yi kwanaki a haka. Nolberto yakan tsaya yana kallonta, sannan ya je ya kwance damin ciyawa ya zuba.

Ya kamata a fahimci abin da garken yake a gare shi. Ƙasar tudun ba ta ba da komai sai ɗan dankali. Mai awaki yana da nama da madara da abin kai wa kasuwa, yana da dalilin zama a dutse. Wanda ya rasa su ba shi da abin yi a can, sai ya sauka gari ya nemi ɗaki a bayan gidan wani. Maƙwabtansa da dama sun riga sun tafi ta wannan hanya, kuma ya sani sarai cewa tsakaninsa da su babu komai sai awakin nan.

Shekarun alkawari suka cika, mota ta daina zuwa. Ba yaudara aka yi ba, haka aka faɗa tun farko. Nolberto ya yanki ciyawa a wannan shekara, karo na farko a rayuwarsa, amma ya yanke ta a makare, ya tara ta tun ba ta gama bushewa ba. Da ya buɗe tarin a watan Yuni sai ya tarar da cikinsa baƙi, yana tururi, yana warin ruɓa. Awaki suka shinshina suka juya.

A watan Yuli aka yi dusar ƙanƙarar da har yau ake auna sauran shekaru da ita. Ta zuba har ta shafe shinge. 'Yan awaki suka fara mutuwa, manya suka koma gaigayar katakon rumfa. Da safiyar da sama ta ɗan buɗe, Atilio ya iso, dokinsa yana nutsewa har ƙirji. Herminda ta zuba masa shayin mate, ta yanko masa gurasar da aka gasa a toka.

Nolberto ya ce, "Akwai gora a ƙasa."

"Akwai waya a tsakani, peñi. Ka san aikina."

"Na san rigarka."

"Rigar ce ke ciyar da 'ya'yana."

"Tun kana yawo ba wando nake ba ka madarar awakin nan," in ji Herminda. "Sha shayinka ka yi magana kamar ɗan gidanmu."

Atilio ya juya ƙoƙon shayin a hannunsa. Ya ce, "Ƙofar da ke kan tsohuwar hanya, a gindin filinka, ba ta da kwaɗo, igiya ce kawai. Ni kuma yau da gobe ina can ɗaya ɓangaren, kuma idona ba ya huda dutse. Amma ka saurare ni. In ka wuce ƙofar, a mararraba ka karkata hagu, ka shiga kwazazzabo. Can gora ta rage. Hagu, peñi."

"Clota ta san inda gora take tun kafin a ɗinka maka wannan riga."

"Clota ba ta karanta jarida. Hagu na ce."

Bayan ya tafi, Nolberto ya ɗauki shebur ya share hanya daga rumfa zuwa ƙofar gandun, ya kwance igiyar. Doña Clota ba ta jira kira ba. Ta wuce shi, ƙararrawa na kaɗawa, garken ya bi ta ɗaya bayan ɗaya cikin ramin da take buɗewa da ƙirjinta. Shi kuma ya juya ya nufi gida.

Herminda tana bakin ƙofa. Ta ce, "Ina za ka? Bi su."

"In kora su? A saukowa?"

"Wa zai gan ka, tsoho? Duk masu yi maka dariya suna gari suna sayar da itacen girki."

"Gobe zan bi su. Haka ake yi."

A nan ne mai gaggawar hukunci zai ce wauta ce. Ni ban ce haka ba. Al'adar ba ta taɓa ba shi kunya ba, ba ta ba ubansa kunya ba, kuma hankali yakan dogara ga abin da ya gwada sau da yawa. Kuskurensa ɗaya ne, amma babba: al'adar an gina ta ne a kan kwari, kwarin kuma babu shi, shi kuwa bai taɓa zuwa ya ga babu ɗin da idonsa ba. Ya san an ce ruwa ya ci gida. Amma sanin kunne daban, sanin ƙafa daban. A ransa, duk inda akuya ta gangara za ta iske gora.

Kafin la'asar dusar ta dawo, ta fi ta farko ƙarfi. Gobe ta zo, babu mai iya buɗe ƙofar ɗaki, balle ya bi sawu. Sai da aka yi kwanaki sama ta washe, Atilio ya dawo, su biyu suka gangara a ƙafa. A mararraba babu alamar an shiga kwazazzabo. Suka bi dama, tsohuwar hanyar amalanke.

Ƙarshen wannan hanya an sare shi ne a jikin dutse: bango a hannu ɗaya, rami a ɗayan. A da takan gangara har mashigin kogi, daura da gidan Nolberto na hunturu. Yanzu tana shiga ruwa ne kai tsaye, kamar ba ta lura ba. Dusar ƙanƙara ta zame daga sama ta toshe hanyar a bayan garken, sai da mutanen biyu suka haƙa suka wuce. Manyan ungulayen dutse suka tashi da suka ji motsinsu.

Awakin suna nan a cunkushe, a ɗan guntun hanyar da ya rage tsakanin toshiyar da ruwa. Doña Clota tana gaba, ƙafafunta na gaba a cikin tafkin. 'Yan ƙalilan ne ke da sauran numfashi, su ma ba sa iya tsayuwa.

Atilio ya zauna a kan dutse ya rufe fuska da hula. Ya ce, "Na ce maka hagu. Sau uku na faɗa."

"Ka faɗa," in ji Nolberto.

Sannan ya dubi tafkin, karo na farko. Rana tana kansa, babu iska, ruwan a kwance lumui. Ya daɗe yana kallo.

"Gidan ta ina yake?"

Atilio ya nuna da haɓa. "Can. Daidai inda inuwar dutse ta ƙare."

"Da zurfi?"

"Da zurfi, peñi."

"To." Ya zaro wuƙa. "Tashi mu feɗe, tun fatun suna da amfani."

Suka yi ta fiɗa har rana ta karkata. Atilio yana yi yana share hanci da hannun riga. Nolberto yana yi a natse, yana ninke kowace fata ya ɗora a kan 'yar'uwarta. Da suka isa gida Herminda ta dubi ƙunshin da ke bayansa, ta dubi fuskarsa, ta koma ciki ta ɗora buta a wuta. Ba ta ce na faɗa maka ba, kuma a sanina ba ta taɓa faɗa ba har ta mutu.

Na yi shekaru ina auna wannan al'amari, ina neman wanda zan ɗora wa laifin gaba ɗaya, ban samu ba. Kamfanin ya cika abin da ya ce zai yi, sai dai ya ba mutane wurin zaman zafi a madadin wurin zaman sanyi, ya kira wannan musaya. Masu gandun daji sun kare abin da ya cancanci karewa, sai dai sun lissafa itace da tsuntsu, ba su lissafa akuya ba. Atilio ya karya doka don ya taimaka, ya kuma faɗi gaskiyar hanya. Nolberto ya bi abin da aka koya masa, a ranar da bai kamata ya bi ba. Kowa yana da uzuri mai ƙarfi, awaki kuma sun mutu. Abin da na iya fitarwa kawai shi ne, idan aka canja wa mutane ƙasa, ba a canja musu hankalin da tsohuwar ƙasar ta gina a cikinsu ba, kuma wanda ya yi canjin ba shi da ikon yin mamaki idan suka ci gaba da tafiya a kan hanyar da ya nutsar.

Waɗanda suka tsira daga garken ba su kai a kira su garke ba. Da zafi ya shigo Nolberto ya sayar da su, ya rufe gidan, ya sauka gari tare da Herminda, wurin 'yarsu da ke aure a can. Aka ba su ɗaki a bayan gida, kusa da inda ake shanya. Ya samu aiki a wani lambun renon itatuwan katako, yana cusa ƙasa a ƙananan jakunkunan leda, daga safe zuwa yamma. Shugaban aikin ya ce bai taɓa samun ma'aikaci mai ƙarancin magana kamarsa ba, kuma yabo yake nufi.

Na ziyarce shi sau da dama. Yakan karɓe ni da ladabi, ya ba ni kujera, ya tambayi lafiyar gwiwata. In na kawo maganar dutse sai ya amsa da e ko a'a, kamar ana tambayarsa labarin wata ƙasa da ya taɓa ji a rediyo. Bai yi fushi da kowa ba. Atilio yakan zo masa da buhun ƙwayar pewen kowace kaka, yana ta barkwancinsa, Nolberto ya yi godiya, ya miƙa wa jikoki.

Herminda ta riga shi rasuwa. Shi kuma ya ƙara 'yan shekaru yana zuwa aiki, har ciwon ƙirji ya kwantar da shi a wani hunturu mai yawan ruwan sama. Ya mutu a asibitin garin da hantsi, 'yarsa tana gefensa. An sa shi a makabartar gari, a ɗaya daga cikin ramukan nan na jikin bango da ake jerawa hawa-hawa, a sahu na sama, inda sai an jingina tsani kafin a ajiye fure.